Mazaɓar Etobicoke ta Arewa: Tambayoyi da amsoshi kan unguwar baƙi da ke tura Firimiyan Ontario majalisa

Doug Ford ne Firimiyan Ontario, lardin da ya fi kowanne yawan jama'a a ƙasar Kanada, mai mutane sama da miliyan 15. Sai dai duk faɗin lardin, a mazaɓa ɗaya tak cikin 124 sunansa ke fitowa a takardar ƙuri'a, wato Etobicoke ta Arewa, wadda 'yan gari ke furtawa Itobiko. Ba unguwar masu hannu da shuni ba ce, ba kuma yankin manoman karkara ba ne, waɗanda aka saba gani suna bin jam'iyyarsa ta 'yan mazan jiya. Unguwar ma'aikata ce a gefen birnin Toronto, kuma fiye da rabin mazaunanta ba a Kanada aka haife su ba.

A ina mazaɓar take, kuma ina ta yi iyaka?

Tana kusurwar arewa maso yammacin Toronto. Ta arewa titin Steeles ne iyakarta, kana tsallaka shi ka shiga garin Vaughan. Ta gabas Kogin Humber ne, ta kudu kuma titin Dixon da babbar hanyar 401. Ta yamma ta yi maƙwabtaka da garuruwan Mississauga da Brampton, kuma a nan ne filin jirgin saman Pearson, mafi yawan zirga-zirga a Kanada, ya jingina da ita. Jerin otal-otal ɗin da matafiya ke kwana a titin Dixon kafin jirgin asuba suna wannan yanki, haka ma katafaren zauren taro na Toronto Congress Centre, inda Ford ya yi bikin nasararsa a daren zaɓen 2018.

Manyan unguwanninta su ne Rexdale da Thistletown da Jamestown da Mount Olive da Clairville da Kingsview Village. A bakin mutanen Toronto kuwa, kusan duk yankin Rexdale ne kawai. Ƙidayar 2016 ta ba mazaɓar mutum kusan 118,000.

Mece ce mazaɓar lardi, kuma ta yaya mazaɓa ɗaya ke fitar da Firimiya?

Kanada tana da larduna 10 da yankuna 3, kuma kowane lardi da majalisar dokokinsa. Ta Ontario zaure ɗaya ce, tana zama a ginin Queen's Park da ke tsakiyar Toronto. An raba lardin zuwa mazaɓu 124, kowace tana tura mutum ɗaya. Wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da bai samu rabi ba. Babu zagaye na biyu. A 2007 an tambayi jama'ar lardin ko a sauya wannan tsari zuwa wanda zai raba kujeru daidai da kason ƙuri'un kowace jam'iyya, suka ce a bar shi yadda yake.

Babu wata ƙuri'a ta daban da ake jefa wa Firimiya. Wanda ya san tarihin Jamhuriya ta Farko a Najeriya ba zai sha wahalar ganewa ba: Sardauna Ahmadu Bello ɗan majalisa ne kuma jagoran jam'iyyar da ta fi kujeru, da haka ya zama Firimiyan Arewa, domin tsarin Ingila ne aka gada a can da nan. A Ontario, jam'iyyar da ta samu kujeru 63 ta samu rinjaye, sai wakilin Sarkin Ingila a lardin ya gayyaci shugabanta ya kafa gwamnati. Don haka jam'iyyar Ford ce ke ba shi mulki, Etobicoke ta Arewa kuma ta ba shi kujerar da zai zauna a zauren majalisa.

Yaushe aka ƙirƙiro ta?

A matakin lardi, zaɓen 1999 ne na farko da aka yi da ita. A 1996 gwamnatin Firimiya Mike Harris ta 'yan mazan jiya ta kawo dokar rage yawan 'yan siyasa, ta zaftare kujerun majalisar daga 130 zuwa 103. Dabarar da aka bi mai sauƙi ce: maimakon lardin ya zana nasa taswirar, sai ya ari ta tarayya da sunayenta. Tarayya ta riga ta mallaki mazaɓa mai suna Etobicoke ta Arewa wadda aka fara zaɓe da ita a 1979, sai lardin ya ɗauka.

Kafin nan kujeru huɗu yankin Etobicoke yake da su, suka koma uku: ta Arewa da ta Tsakiya da ta Bakin Tafki. Yawancin sabuwar mazaɓar daga tsohuwar Etobicoke-Rexdale aka yanko ta. Daga baya kujerun lardin sun ƙaru zuwa 107 a 2007, sannan 124 a 2018, ana ɗan taɓa iyakokin mazaɓar, amma sunanta da zuciyarta ba su canja ba.

Me ke wurin kafin a gina gidaje?

Ƙasar 'yan asalin wurin ce, ƙabilar Mississauga. Turawan Ingila sun karɓe ta da wata yarjejeniyar saye ta 1787 wadda aka sake rubutawa a 1805, ciniki mai cike da ƙorafi, har sai a 2010 gwamnatin Kanada ta biya zuriyarsu diyyar dalar Kanada miliyan 145. Bayan nan wurin ya shafe shekara fiye da ɗari yana gonaki da ƙananan ƙauyuka irin su Thistletown da Clairville.

Abin da ya juya shi ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Malton, dab da iyakar yamma, kamfanin Avro yana ƙera jiragen sama, yana da dubban ma'aikata masu albashi mai kyau da ke neman muhalli. Ga kuma hanyar 401 ana shimfiɗawa. A farkon shekarun 1950 wani dillalin filaye mai suna Rex Heslop ya sayi gonaki a arewacin hanyar, ya jera ƙananan gidajen bulo masu bene ɗaya ko marasa bene, kowanne da ɗan filin ciyawa da wurin ajiye mota, ya raɗa wa unguwar suna daga nasa sunan, Rexdale. Masana'antu suka biyo baya suka cika gefen layin dogo.

Abubuwa biyu sun bar tabo a waɗannan shekaru. A Oktoban 1954 guguwar Hazel ta sa Kogin Humber ya yi ambaliya, mutum 81 suka mutu a lardin. Daga nan hukuma ta hana gini a kwarin kogin, ta mayar da shi wuraren shaƙatawa, ta kuma gina madatsar ruwa ta Claireville a 1964. Shi ya sa har gobe za ka ga dogayen gine-gine sun tsaya cak a bakin wani kwari mai itatuwa. Na biyun kuwa a Fabrairun 1959 ne, ranar da gwamnatin tarayya ta soke aikin jirgin yaƙi na Arrow, aka sallami ma'aikata kusan 14,000 a yini guda. Rexdale ba ta mutu ba, don wasu masana'antun sun riƙe ta, amma tun tana jaririya ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan abincin unguwa ya dogara da ƙofar masana'anta.

A shekarun 1960 da 1970 aka ƙara wani nau'in gini: dogayen benaye na haya masu hawa goma sha zuwa ashirin da wani abu, a kan titunan Kipling da Albion da Dixon, tare da rukunin gidajen gwamnati a Jamestown. Waɗannan biyun, ƙananan gidajen mallaka da dogayen benayen haya, su ne fuskoki biyu na mazaɓar har yau, kuma ba daidai suke fitowa zaɓe ba.

Idan cikin Toronto take, me ya sa ake kiranta gefen gari?

Domin sai a 1998 ta shiga Toronto. Etobicoke ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta tun 1850, ta kai matsayin birni a 1983 da nata magajin gari. Ranar 1 ga Janairun 1998 gwamnatin Harris ta narkar da ita da wasu ƙananan hukumomi huɗu tare da tsohuwar Toronto suka zama babban birni guda, duk da cewa mazauna sun nuna ƙin amincewa a ƙuri'ar jin ra'ayi.

Takarda ta canja, ƙasa ba ta canja ba. An tsara yankin ne don mai mota: tituna masu faɗi, kantuna a bayan filayen ajiye motoci, gida a nan, wurin aiki a can nesa. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa bai taɓa isowa mazaɓar ba. Ga kuma wani ɗaci da ya zauna a zukatan mutane, cewa 'yan tsakiyar gari masu kekuna da gidajen shan gahawa su ke juya birnin, na gefe kuwa sai biyan haraji. Duk wanda bai fahimci wannan ɗacin ba, ba zai fahimci siyasar gidan Ford ba.

Su wane ne mazauna mazaɓar a yau?

Bayan ƙabilar Mississauga, mazauna na farko Turawa ne 'yan asalin Birtaniya, sai Italiyawa da sauran 'yan Turai da suka zo bayan yaƙi. Har yanzu akwai tsofaffin Italiyawa a ƙananan gidajen nan, da 'yan lambunan tumatir a bayan gida. A 1967 Kanada ta koma zaɓen baƙi ta hanyar ba da maki kan ilimi da sana'a, ba ƙasar da mutum ya fito ba, ƙofa ta buɗe wa sauran duniya. 'Yan Jamaika da Guyana da Trinidad suka zo, sai 'yan Indiya da Pakistan, musamman masu harshen Punjabi da Gujarati. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da yaƙi ya ɗaiɗaita Somaliya har gwamnatin Siad Barre ta faɗi a 1991, dubban 'yan gudun hijira suka sauka a Pearson suka tare a benayen titin Dixon, tafiyar 'yan mintoci daga filin jirgin, har wurin ya samu laƙabin Ƙaramar Mogadishu. Daga baya Kiristocin Iraƙi, Assuriyawa da Kaldiyawa, suka biyo sahu, ga 'yan Latin Amurka, ga 'yan Afirka ta Yamma.

Yanzu kusan kashi uku cikin huɗu na mazauna ba Turawa ba ne. 'Yan Kudancin Asiya ne rukuni mafi girma, baƙaƙen fata na biye.

Mahaɗar titin Albion da Islington ta isa shaida. A jere za ka ga shagon zinare, shagon yadin sari mai ƙyalli a jikin gilashi, mahautar naman halal, wurin aika kuɗi gida, da ɗan gidan abinci da ƙamshin kori ke fitowa ta ƙofarsa ko da dusar ƙanƙara na zuba. Wuraren ibada kuwa da yawansu a tsofaffin gine-ginen masana'antu suke, don nan ne ake samun fili mai araha. Masallacin Khalid bin Walid yana unguwar masana'antu ta Rexdale, haka ma babban wurin ibadar mabiya Sikh. Wanda ya fita daban shi ne haikalin Hindu na BAPS da aka buɗe a 2007 kusa da hanyar 427, wanda aka sassaƙa duwatsunsa da hannu a Indiya aka kawo aka harhaɗa.

Akwai 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma?

Akwai, kuma suna da yawa a arewa maso yammacin Toronto baki ɗaya, musamman 'yan Gana da 'yan kudancin Najeriya. Shagunan da ke sayar da garin rogo da manja da doya ba sa wuyar samu, haka coci-cocinsu. Wasu kuma ɗalibai ne a kwalejin Humber. Sai dai ɗalibi ko mai neman mafaka ba shi da ƙuri'a, don haka yawansu a tashar bas ya fi nauyinsu a akwatin zaɓe.

Da me mutanen suke cin abinci?

Filin jirgi da abin da ya kewaye shi: rumbunan ajiye kaya, tuƙin manyan motoci, lodin kaya, shara da girki a otal, gadi, sarrafa abinci, kula da tsofaffi da marasa lafiya. Akwai kuma manyan cibiyoyi uku a cikin mazaɓar: filin sukuwar dawaki na Woodbine da aka buɗe a 1956, wanda yanzu aka haɗa masa katafaren gidan caca da otal, kwalejin Humber da aka kafa a 1967, da babban asibitin Etobicoke da ya fara aiki a 1972.

Masana'antun da suka gina unguwar sun ragu ƙwarai, kuma ayyukan da suka maye gurbinsu yawanci na awa-awa ne, ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata, babu tabbas, babu fansho. Kuɗin shigar gidaje a nan yana ƙasa da matsakaicin Toronto. Unguwanni irin su Jamestown da Thistletown da Kingsview Village suna cikin jerin 31 da hukumar birnin ta ware a 2014 a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman. Lokacin annobar korona wannan kusurwa ta birnin na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai lodin kaya ba ya iya aiki daga gida ta kwamfuta, dole ya shiga bas mai cunkoso, ya dawo ɗakin da iyali uku ke rabawa.

Su wa suka wakilce ta a majalisar lardi?

Mutum uku ne kawai. John Hastings na jam'iyyar 'yan mazan jiya ta PC daga 1999 zuwa 2003. Shafiq Qaadri na Liberal daga 2003 zuwa 2018. Sai Doug Ford na PC daga 2018.

Qaadri likita ne, Musulmi, ɗan asalin Pakistan. Ya sha kaye a hannun Hastings a 1999, ya dawo ya ci a 2003, ya yi tazarce a 2007 da 2011 da 2014. A 2018, shekarar da jam'iyyarsa ta rufta daga mulki zuwa kujeru 7 kacal, shi ma ya faɗo na uku, ɗan takarar jam'iyyar NDP Mahamud Amin ya zo na biyu.

Wani abin da ake yawan mantawa: kafin duk waɗannan, yankin na jam'iyyar NDP ne mai alaƙa da ƙungiyoyin ƙwadago. Ed Philip ya riƙe shi shekara 20, daga 1975 zuwa 1995, har ya yi minista a gwamnatin Bob Rae. Ke nan manyan jam'iyyun lardin uku duk sun taɓa riƙe wannan ƙasa. Ba gadon kowa ba ce.

To ta yaya gidan Ford ya kafu a nan?

Daga uban, Doug Ford babba, wanda ya kafa kamfanin buga takardun manna wa kaya mai suna Deco a 1962, kamfanin da har yanzu yake Rexdale. Ya yi ɗan majalisar lardi na Etobicoke-Humber daga 1995 zuwa 1999. Rage kujerun da jam'iyyarsa ta yi shi ya ci kujerarsa, ya nemi tikitin Etobicoke ta Tsakiya, Chris Stockwell ya kayar da shi a fid da gwani.

Amma wanda ya gina farin jinin gidan shi ne ƙaramin ɗansa, Rob Ford, kansilan wannan yanki daga 2000 zuwa 2010. Salonsa bai da wani sirri. Yakan raba lambar wayarsa, ya kuma kira duk wanda ya bar masa saƙo da kansa. Matar da famfon ɗakinta ya lalace a gidan gwamnati wata uku ba gyara, sai ta ga kansila a bakin ƙofa ya taso ƙeyar jami'in gidajen. Yana horar da 'yan ƙwallon wata makarantar sakandare ta Don Bosco, yara da yawa 'ya'yan talakawa. Iyalin kuma suna shirya walimar gashin nama kyauta ga kowa da kowa. Da wannan ya zama Magajin Garin Toronto a 2010, wansa Doug ya gaji kujerar kansilan.

Mulkin Rob ya ƙare cikin abin kunya. A 2013 ya amsa cewa ya sha hodar iblis, bayan fitar labarin wani bidiyo da aka danganta da 'yan daba na yankin Dixon. 'Yan sanda sun kai samame benayen, kuma al'ummar Somaliya, waɗanda mafi yawansu ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka kwashi baƙin jinin. Duk da haka, da cutar daji ta sa ya janye daga takarar magajin gari a 2014, unguwarsa ta sake zaɓensa kansila da gagarumin rinjaye. Ya rasu a Maris na 2016. Doug, wanda ya maye gurbinsa a takarar magajin garin ya sha kaye a hannun John Tory, ya samu shugabancin jam'iyyar PC a Maris na 2018 bayan murabus ɗin Patrick Brown, wata uku bayan nan ya zama Firimiya da kujeru 76. Ya ƙara da 83 a 2022, da 80 a zaɓen gaggawa na Fabrairun 2025. A duk ukun ya samu fiye da rabin ƙuri'un mazaɓarsa.

Me ya sa suke zaɓen Liberal a tarayya amma Ford a lardi?

Wannan ce tambayar da ta fi ɗaure wa masu sharhi kai. Tun 1988 kujerar tarayya ta Etobicoke ta Arewa ba ta bar hannun Liberal ba: Roy MacLaren, Roy Cullen, Kirsty Duncan wadda ta riƙe daga 2008 zuwa 2025, sai John Zerucelli. A 2025 ɗin, cikin wata biyu, unguwa ɗaya ta zaɓi Ford a Fabrairu ta zaɓi Liberal a Afrilu.

A ganina babu ruɗani a ciki. Shige da fice da takardar zama ɗan ƙasa da kawo iyali daga gida duk a hannun tarayya suke, kuma baƙi da dama suna kallon Liberal a matsayin jam'iyyar da ta buɗe musu ƙofa. A gida kuwa, tambayar ita ce wa zai ɗaga waya. Ford ba ya yi wa baƙi kallon barazana irin na wasu 'yan mazan jiyan Turai da Amurka. Maganarsa kuɗin mai da kuɗin lambar mota da haraji ce, abin da direban tasi da mai ƙaramin shago ke ji a aljihu. Shi ma yana raba lambar wayarsa, kuma a guguwar dusar ƙanƙara ta Janairun 2022 an gan shi da shebur yana tono motocin mutane a Etobicoke. 'Yan adawa sun kira shi wasan kwaikwayo, amma hoton ya zauna. Sannan akwai iyalai masu riƙon addini, Musulmi da Kirista da Sikh da Hindu, da suka fusata da manhajar ilimin jima'i da gwamnatin Liberal ta shigar makarantu a 2015, Ford kuma ya yi kamfe da batun.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Gwamnatin Ford ce a 2018 ta soke ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa da aka shirya, ta tsayar da shi a 14, sai a 2022 ya kai 15. Ita ta soke kwana biyu na hutun rashin lafiya mai albashi, ta kuma cire sababbin gidajen da aka fara shiga bayan 15 ga Nuwamban 2018 daga dokar ƙayyade ƙarin haya. Waɗannan matakai sun fi taɓa irin mutanen Jamestown da Dixon, ba masu gidan kansu ba. Abin da ya sa ba su zame masa matsala ba yana cikin amsa ta gaba.

Wa ke da ikon jefa ƙuri'a, kuma mutum nawa ke fitowa?

Sharuɗɗa uku ne: shekara 18, zama ɗan ƙasar Kanada, da zama a Ontario. Mai izinin zama na dindindin, ko ya shekara goma yana biyan haraji, ba ya zaɓe, ko na kansila. A mazaɓar da ke karɓar sababbin baƙi kullum, wannan ya fitar da dubban manya daga lissafi tun kafin a buɗe rumfa.

Cikin masu ikon ma fitowar ba ta da yawa. A 2022 kusan kashi 44 cikin ɗari ne suka fito a duk lardin, mafi ƙaranci a tarihinsa, Etobicoke ta Arewa kuma ta gaza hakan. Ƙuri'un da suka mayar da Firimiya kujerarsa a shekarar ba su kai 15,000 ba. Dattijon da ya mallaki gidansa tun 1975 yana fitowa; matar da ke aikin dare a rumbun kaya, ga yara, ga ƙaura daga haya zuwa haya, sau da yawa ba ta fitowa. Don haka mazaɓar da ke zaune daban, mazaɓar da ke zaɓe daban.

Yaya ranar zaɓe take?

Hukumar Elections Ontario ce ke gudanarwa, kuma ga majalisa take ba da bahasi, ba ga gwamnati ba. Rumfuna yawanci a zauren wasannin makaranta ne ko coci ko falon ƙasa na dogon bene, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare. Ranar aiki ce, ba a hana zirga-zirga, doka dai ta ce mai aiki ya samu awa uku a jere da zai iya zaɓe a cikinsu. Za ka nuna shaida mai sunanka da adireshinka, a ba ka takarda, ka sa alama gaban suna ɗaya a bayan ɗan kwali, ka zura ta a na'urar ƙirga da aka fara amfani da ita sosai a 2018. Akwai zaɓen wuri da na gidan waya. Kafin mutane su kwanta an san sakamako.

Ɗan takara yana buƙatar sa hannun masu zaɓe 25 na mazaɓar, kuma ba dole ne ya zauna a cikinta ba. Ford kansa a maƙwabciyarta, Etobicoke ta Tsakiya, yake zaune.

Me ɗan majalisar lardi ke iya yi wa talaka?

Abubuwan da suka fi shafar rayuwar yau da kullum na lardi ne: asibiti da katin lafiya, makarantu da kwalejoji, dokar haya, mafi ƙarancin albashi, tallafin nakasassu da marasa aiki, lasisin tuƙi, manyan hanyoyi. Kowane ɗan majalisa yana da ofishin mazaɓa inda ma'aikata ke bin kadin irin waɗannan koke-koke. Ba a ba shi wani kason kuɗi ya raba ko ya yi ayyukan mazaɓa da su; aiki yana zuwa ne ta kasafin ma'aikatu.

An ce sun samu jirgin ƙasa daga ƙarshe?

Sun samu, bayan jira mai tsawo. Shekara da shekaru bas mai lamba 36 ta titin Finch ce jigon sufurin yankin, ɗaya daga layukan da suka fi cunkoso a birnin. A 2007 Magajin Gari David Miller ya sanar da shirin jirgin kan titi a wannan hanya. Rob Ford, ɗan unguwar, ya soke shirin a ranarsa ta farko a ofis a Disamban 2010, yana cewa jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ya dace da su. Majalisar birnin ta farfaɗo da shi a 2012, aka fara gini gadan-gadan a 2019 ƙarƙashin gwamnatin wansa, aka buɗe a Disamban 2025: kusan kilomita 10, tasha 18, ya ƙare a kwalejin Humber. Ana buɗewa fasinjoji suka fara ƙorafin yana jan ƙafa, yana tsayawa a danja kamar kowace mota.

Shin iyakar kansila ma ɗaya ce da ta lardi?

Tun 2018, e. Ana tsakiyar kamfen zaɓen birni a shekarar, Ford ya rage kujerun kansilolin Toronto daga 47 da aka tsara zuwa 25, kowace ta dace da mazaɓar lardi. Birnin ya kai ƙara, amma a 2021 Kotun Ƙoli ta ba lardin gaskiya da alƙalai 5 a kan 4, domin a tsarin mulkin Kanada birane a ƙarƙashin ikon lardi suke. Kujeru biyu na arewacin Etobicoke suka koma ɗaya. Michael Ford, ɗan 'yar'uwar Firimiya, ya kayar da Vincent Crisanti a kanta. Da Michael ya tafi majalisar lardi a 2022 daga wata mazaɓar, Crisanti ya dawo. Kansila ɗaya yanzu yana ɗauke da mutum sama da 100,000, abin da ya sa salon bin gida-gida da Rob Ford ya yi suna da shi ya ƙara wuya.

Za a sake shata iyakokinta?

Tarayya tana sake zanen mazaɓunta bayan ƙidayar kowace shekara goma, ta hannun hukuma mai zaman kanta da alƙali ke jagoranta a kowane lardi. A zanen baya-bayan nan Toronto ta rasa kujera ɗaya, daga 25 zuwa 24, saboda garuruwan da ke kewaye da ita irin su Brampton sun fi ta saurin girma, kuma da sabuwar taswirar aka yi zaɓen tarayya na Afrilun 2025. Ontario ba ta bi ba. Zaɓen lardi na Fabrairun 2025 da taswirar 2018 aka yi shi, wato mazaɓu 111 na kudu da aka aro daga tsohon zanen tarayya, da 13 na arewa da lardin ya tsara wa kansa.

Canja taswirar lardi sai majalisar Queen's Park ta yi doka, ke nan yana hannun jam'iyyar da ke da rinjaye. Kafin a yi hakan, mazaɓar tarayya da ta lardi a Toronto za su iya yin suna ɗaya ba tare da iyakarsu ta zo ɗaya ba, don haka mazaunin da ke bakin iyaka gara ya sa lambar gidan wayarsa a shafin Elections Ontario ya tabbatar da mazaɓarsa kafin ranar zaɓe.